Awon Kawu

Kwana uku muka yi a kan tabarmi a ƙofar gidan da Kawu ya yi haya a Badarawa, kuma ban ga mutum ɗaya da ya zo gaisuwa ya tashi bai ambaci tsawonsa ba. Za a yi addu'a a shafa, sai wani ya nisa ya ce, "Allah mai iko, an yi dogo a unguwar nan." Wani dattijo ya ce tun da yake bai taɓa gaisawa da mutum wuyansa ya yi ciwo ba sai da marigayi. Mai shagon kan kwana ya ce yanzu in zai yi wa baƙo kwatance bai san abin da zai ce ba, domin shekara da shekaru layin nan sunansa layin Dogo. Wasu samari biyu ma da ba mu san su ba sun zo daga Abakpa, suka zauna, suka sha ruwa, sannan ɗayansu ya matso ya tambaye ni a hankali ko akwai hotonsa a tsaye.

Ban ji haushin kowa ba, abin da suka gani suka faɗa. Amma na lura mutane da yawa sai da liman ya ambaci sunansa na yanka a wajen addu'a suka san yana da wani suna bayan Dogo. Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Wan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya, bai bar ɗa ba bai bar jika ba, kuma idan ni ban faɗi wane ne shi ba, nan da shekara kaɗan abin da zai rage sai labarin wani zanƙalelen mutum da ake tsorata yara da shi.

Akwai kuma wani dalilin. Abu ɗaya tak Kawu ya taɓa roƙo na a rayuwarsa, ya ce in ya mutu in tabbatar an kwantar da shi a miƙe. Na ɗaukar masa alkawari da bakina.

Mahaifiyata ta ce an haife shi kamar kowane jariri, har ma ana cewa ƙarami ne. Wajen shekara goma sha biyu abin ya fara. Wandon da aka ɗinka masa a ƙaramar salla bai kai babbar salla ba. Kakarmu ta zaga da shi wurin malamai, aka ba shi rubutu ya sha, aka yi masa turare, wasu suka ce iska ce ta shafe shi a gindin tsamiya, wasu suka ce baki ne. Shi dai bai fasa tafiya sama ba. Makaranta ya bar ta a aji shida, domin benci ba ya ɗaukar ƙafafunsa, kuma akwai malamin da kullum in zai kira shi sai ya ce, "Dogo da hankali dace ne, tashi mu gani ko mun dace." Aji ya fashe da dariya, har da mahaifiyata da ke bayansa da aji biyu ta ce ana jiyo dariyar daga nasu ajin.

Ya koyi fenti da aikin silin. A nan ne kaɗai tsawon ya yi masa rana, don abin da wani zai hau tsani ya yi, shi daga tsaye yake gamawa. Gidajen ma'aikata da dama a arewacin Kaduna hannunsa ne a samansu. Duk da haka ba a kiran sa sai da zolaya. In azumi ya kusa, ba ya wuce majalisa ba a ce masa, "Dogo, leƙa mana ko wata ya tsaya." Shekara ta zagayo, a sake faɗa, a sake dariya kamar yau aka ƙirƙiro ta. Amsarsa ɗaya ce, "Yana nan tafe, ku dai tanadi gero." Yana faɗa yana murmushi, amma ni da nake bin sa a baya da bokitin fenti a lokacin hutun makaranta na san da mun sha kwana murmushin yake ɗaukewa.

Takalminsa wani baduku ne a Abakpa yake yanka masa daga tsohuwar taya, don kasuwa kaf babu ƙafarsa. Yakan ce shi kaɗai ne a garin nan yake barin takalmi a ƙofar masallacin Juma'a ya yi sallarsa hankali kwance, ɓarawon da ya ɗauka sai dai ya yi kwalekwale da shi. Wannan ita ce zolayar da yake yi wa kansa, kuma ita kaɗai ce na san tana ba shi dariya har ciki.

Sauran rayuwar duk a sunkuye ya yi ta. Ƙofar ɗakinsa iyakarta ƙirjinsa. Fankar sama ya cire ta tun ranar da ya tare. A bas ba ya zama sai an ba shi gaba, gwiwoyinsa a haɓa, kansa a karkace, direba yana mita. A ɗaki katifa biyu aka haɗa, su ma a karkace daga lungu zuwa lungu, duk da haka sai ya naɗe ƙafa. Matarsa, wadda muke kira Inna, 'yar gajeriyar mace ce mai kaifin baki, ita ta haɗa zannuwa biyu ta ɗinke masa mayafi da hannunta. Mutane sun yi ta ba'a da aurensu, har da masu tambayar ta yadda take miƙa masa ruwa. Takan ce, "Zama yake yi, kamar yadda naku mazan suke yi in suna gida." Ba su samu haihuwa ba. Dangi sun so ya ƙara aure, ya ce mace ɗaya ta yarda ta sha kallo saboda shi, ba zai jawo wa ta biyu ba.

A masallacin unguwa wurinsa sahun ƙarshe ne, can gefen bango. Ba don yana makara ba, sau da yawa shi yake riga ladan zuwa. Tabarmin masallaci an shimfiɗa su ne daidai sujadar mutane, shi kuwa in ya tafi sujada kansa sai ya sauka tsakanin dugadugan na gabansa. Wata rana wani attajiri ya juyo bayan sallama ya ce ya ɓata masa salla. Tun daga ranar Kawu ya koma baya, yana barin filin mutum ɗaya a gabansa. Ya taɓa ce mini, "Falalar sahun farko dai na ji ana faɗa, ɗana. Allah ya san ba ƙi na yi ba."

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar da kakarmu ta rasu. Kawu bai taɓa ɗaukar makara ba, domin in ya sa kafaɗa gefensa sai ya ɗaga sama, gawa ta zame ta yi wajen sauran. Kowa ya san haka, shi ma ya sani, a jana'iza a baya yake tafiya. Ranar kuwa da aka fito da uwarsa, sai ya matsa ya kama ƙafar makara ta baya. Wani kawunsu ya ce, "Dogo, bari, za ka karkatar da ita." Ya lanƙwashe gwiwoyinsa, ya doro, har kafaɗarsa ta zo daidai da ta sauran, ya tafi a haka. Ana canjin hannu, wannan ya karɓi wancan, shi bai saki ba har bakin kabari. Tafiya ce mai nisa, ga rana. Kwana huɗu ya yi bai iya tashi daga kwance ba bayan haka, kuma Inna ta ce daga nan ciwon gwiwar ya samo asali.

Mun taɓa ɓatawa, kuma laifina ne. Ranar walimar aurena a Kinkinau, abokan aikina na ofis sun zo, ina ta rawar kai. Kawu yana zaune a gefe a kan tabarma, ya naɗe ƙafafu yadda ba za a lura da shi ba. Wani daga cikinsu ya ce ya ji labarin ina da kawun da ya fi ƙofa tsawo, shi bai yarda ba. Maimakon in share zancen, sai na je na durƙusa na ce, "Kawu, don Allah ɗan miƙe su gan ka." Ya dube ni. Sannan ya dafa bango ya miƙe a hankali, gaɓa bayan gaɓa, har kansa ya tura rumfar da aka kafa. Aka yi ta salati, aka fiddo wayoyi. Ya tsaya sai da suka gama, ya ce, "Kun gani?" Suka ce sun gani. Ya juyo gare ni ya ce, "To ɗana, akwai sauran abin da zan yi maka?" Ya sa takalminsa ya tafi, abincinsa ko taɓawa bai yi ba.

Shekara biyu bai taka gidana ba. In na je gaishe shi yana amsawa, ba yabo ba fallasa, sai dai ya daina ce mini ɗana, ya koma ce mini ma'aikaci. Na aika mahaifiyata ta ba shi haƙuri, ya ce mata ai ba a yi komai ba. Sai da matata ta haihu, kwana biyu kafin suna, na dawo daga aiki na tarar da shi a ɗakin mai jego, an fitar da kaya tsakar gida, yana shafa farin fenti a silin da damina ta ɓata. Ko juyowa bai yi ba ya ce, "Ba don kai ba ne, don baƙon ne. Kada ya buɗe ido ya fara da ganin datti." Da ya gama ya wanke hannu, ya karɓi jaririn, gaba ɗayansa ya kwanta a tafinsa ɗaya. Da zai tafi ya ce, "Sai ran suna, ɗana." Iyakar sulhun da muka yi ke nan.

Shekarunsa na ƙarshe ba su yi daɗi ba. Gwiwoyi suka ƙi, baya ya ranƙwafa, ido ya fara dushewa, aiki ya tsaya. Sandar da za ta yi masa ma babu, sai taɓarya Inna ta ba shi. Yaran unguwa da iyayensu suka girma suna tsokanar sa suka gaji abin, suna bin sa da waya in ya fito shan iska, har ya daina fitowa. Da jiki ya tsananta muka kai shi asibiti, gadon ya ƙare masa a ƙwauri, aka jawo kujera aka ɗora sauran. Masu jinyar wasu ɗakunan suna zuwa leƙe ta taga.

A asibitin ne, wata la'asar Inna ta fita wanke kwanuka, ya kira ni kusa.

"Ɗana, ka san tun ina saurayi ban taɓa kwanciya na miƙe ƙafata ta ƙare ba?"

Na ce, "Za ka samu sauƙi, Kawu."

"Ba shi na tambaye ka ba. Ka ji ni da kyau. Likkafani ko na wane iri ne ku sa mini, makara ko a ƙofa ku ɗauke ni, ban damu ba. Amma ramin nan, ka tsaya da kanka a haƙa shi daidai ni. Kwanciyar mai tsawo ce. Kada ku naɗe ni."

Na ce, "In Allah ya yarda, Kawu. Na ɗauka."

Ya ce, "Na gaya wa Innarku ma, amma ita ba za ta je ba. Kai ne idonta."

Bayan sati biyu da sallamo mu ya cika a ɗakinsa, da hantsi, ranar wata Talata a tsakiyar damina. Ni da liman da wani maƙwabci muka yi masa wanka a tsakar gida, don banɗakin ba zai ɗauke shi ba. Muka gasa gwiwoyin da ruwan ɗumi muka miƙar da su a hankali. Ranar na fara ganin Kawu a miƙe sosai, daga kai har ƙafa, ya kusa cinye tsakar gidan. Liman kansa sai da ya ja da baya ya yi tasbihi.

Al'adarmu in an yi rasuwa akan auna mamaci da karan dawa, a kai wa masu haƙa kabari su haƙa daidai tsawon karan. Aka samo kara mafi tsawo a wani kango da aka yi shuka bara, na ɗora shi a gefen Kawu, ya ƙare bai kai ƙafa ba. Na karyo wani guntu kamar kamu biyu, na haɗa su baki da baki na ɗaure da tsumma tamau. Na fito da shi zan tafi maƙabarta da kaina, sai ga motar shugaban sashenmu na ofis ta tsaya a ƙofar gida, shi da mutum uku, sun ji labari sun zo. Na tsaya da kara a hannu. Raina ya ce bai kamata manya su zo su tarar ba na nan ba. Wani maƙwabci mai babur ya ce in kawo ya kai, ai minti goma ne. Na miƙa masa, na je na shimfiɗa wa baƙi darduma.

Abin da ya faru a hanya daga baya na ji shi. Karan ya yi wa mai babur tsawo, yana dukan motoci a cunkoso, sai ya tsaya ya kwance tsumman ya haɗa biyun a hannu ɗaya, da niyyar in ya isa ya mayar. Da ya isa ya tarar masu haƙa suna cikin wani ramin, ya ajiye musu a bakin rami ya ce ga awo daga Badarawa, bayan azahar za a kawo, ya juya.

Aka yi salla a ƙofar gida. Makarar masallaci ta gaza, aka ɗaura mata katako ta wajen ƙafa. Jama'a ta taru fiye da yadda na zata, wasu don Allah, wasu don kallo. Muna isa maƙabarta hadari ya riga ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Shugaban masu haƙa, wani tsoho mai laka har gwiwa, ya tare mu ya nuna mana wurin. Ramuka biyu ne a jere gefe da gefe, ɗaya na babban mutum, ɗaya ɗan ƙarami. Ya dubi makarar, ya dubi bayanmu, ya ce, "Ina jaririn?"

Kara biyu suka gani, dogo da guntu, suka ɗauka mace ce ta rasu wajen haihuwa ita da abin da ta haifa. Sun saba ganin haka, ba su ga abin tambaya ba.

Na ce a ƙara tsawon babban. Tsohon ya girgiza kai, ya nuna mini da bakin shebur. Ta wajen kai kabari ne, ta wajen ƙafa kabari ne na makon jiya, ƙasarsa ko bushewa ba ta yi ba. Maƙabartar ta cika, tsakanin kabari da kabari bai fi tafin ƙafa ba. A karkace kuma ba ya yiwuwa, dole fuska ta dubi alƙibla. Na ce to a haƙa sabo. Ya ce filin da zai ɗauki wannan tsawon sai can jikin katanga, wurin kuma marmara ce, ko sun taru a kai sai bayan la'asar, in ruwan nan ya sauko kuwa ramin zai cika kafin su gama.

Na ce, "Wasiyya ya bar mini. Ya ce a miƙe."

Liman ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, gawa ba ta jira. Lalura ce, Allah ya gani. A ɗan tanƙwasa ƙafar kaɗan, babu laifi a shari'a." Wani dattijo a dangi ya ce kada in mayar da jana'iza wurin gardama, mamaci bai san ana yi ba. Iska ta taso, aka fara yayyafi. Na waiwaya na ga mutane sun fara rufe kai da hannun riga, na ga shugaban sashenmu yana duba agogo. Da na ce a mayar da shi gindin bishiya mu jira, ko mutum biyar ne za su tsaya tare da ni, kuma biyar sun isa. Na san haka a lokacin, ba daga baya na gane ba. Amma na ji kunyar tsayar da jama'a a cikin ruwa, na yi shiru, shirun nan kuwa aka ɗauke shi amincewa.

Masu haƙa suka fafe gefen ramin daidai inda gwiwa za ta shiga. Ni na sauka ciki, ni da maƙwabcin da muka yi wanka tare. Aka miƙo shi muka kwantar da shi a gefen dama, ƙafafun suka tokare bango tun sauran jikin bai gama sauka ba. Na sa hannu ta kan likkafani na kama bayan gwiwoyin da na gasa da safe, na ja su. Na zaci za su yi tauri. Ba su yi mini gardama ko kaɗan ba, sun saba.

Aka jera itace, aka sa ganye, aka cuɗa laka aka rufe, ruwa yana sauka a kanmu. Kafin mu kai ƙofar maƙabarta wani mutum ya shigo da 'yar gawa a naɗe cikin tabarma a hannunsa, mutum uku a bayansa. Na ji tsohon yana ce masa ya zo, akwai rami a shirye.

Da muka dawo gida na shiga wajen mata in yi musu bangajiya. Inna tana zaune a lungun ɗaki cikin mayafin takaba, mahaifiyata a gefenta. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta ɗago ta ce, "An kai shi?"

Na ce, "An kai shi, Inna."

"Ya samu wurin? Ya miƙe?"

Ɗakin cike da mata, kowa yana jira. Na ce, "Ya miƙe, Inna."

Ta ce, "Alhamdu lillahi. Yau dai Malam zai yi barci." Ta sa mini albarka, ta ce yadda na yi masa Allah ya ba ni masu yi mini. Na amsa da amin, don babu abin da ake cewa bayan wannan sai amin.

Har yau ba ta sani ba. Mazan da suka je babu wanda ya ɗauki abin a bakin komai balle ya kai mata, ita kuma ba ta karatun boko, wannan rubutun ba zai je kunnenta ba sai in wani ya ga dama. Wanda ya karanta, na roƙe shi ya bar ta da abin da na gaya mata, nauyin nawa ne.

Abin da nake nema a wurinku addu'a ce, wadda ake yi wa kowane mamaci, sau da yawa da baki kawai. Malamai sun ce ana buɗa wa bawan kirki kabarinsa har iyakar ganinsa. Kawu mutumin kirki ne, na shaida, bai cuci kowa ba kuma an cuce shi bai rama ba. Allah ya gafarta masa, ya yafe mini. Allah ya yalwata masa makwancinsa, ta wajen ƙafa, ko da kamu biyu ne.